Rasuwar Tafkin Baba Bulaguro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yanzu bai saba da abin da yake gani ba, mai askin nan na kusurwar layin masu gyara, wanda manya da yara suka fi sani da Baba Bulaguro, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙeya, rasuwar abokin zamansa Tafki, hoton da ya zauna a fuskar wayarsa shekara shida da wata huɗu bai taɓa gusawa ko nan da can ba. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a hannun mai gyaran waya, a gaban shaidu bakwai, ɗaya daga cikinsu da rabin aski a ka.

Ga wanda bai san marigayin ba, in ma akwai irinsa a layin nan, tafki ne shuɗi mai kwantaccen ruwa. Duwatsu biyu ne a bayansa, ga ɗan jan kwalekwale ɗaure a gaɓa, can gefe kuma wani farin gida mai taga uku. Ba mai yawan magana ba ne. Kalma ɗaya aka san shi da ita, duk lokacin da aka buɗe wayar sai ya ce "ɗul", kamar an jefa tsakuwa a randa, daga nan ya yi shiru har sai an sake buɗewa.

Game da asalinsa, iyalan mamacin sun so a tsallake wannan wuri, amma sanarwar mutuwa ba ta cika sai da tarihi. Shekara shida da suka wuce Baba ya yi doguwar tafiya, wadda ita ce ta farko a rayuwarsa, kuma zuwa yau ita ce ta ƙarshe. Ya je babban birni sayen kujerar aski mai juyawa. Kwana tara ya yi: huɗu a cikin mota, uku a ɗakin ƙanin wani abokinsa yana fama da ciwon ciki, biyu yana ciniki. Ya dawo da kujerar, ya dawo da sabuwar waya, a fuskar wayar kuwa ga Tafki zaune, yadda kamfani ya ɗora shi a kan dubban wayoyi irinta.

Washegari mai sayar da taya ya zo aski, ya hango hoton, ya ce kai Baba, ina ne nan haka. Baba yana riƙe da almakashi, benci cike da mutane, kowa ya zuba masa ido yana jiran labarin birni. To me zai ce musu? Ya ce ya yi kwana uku yana zarya tsakanin tabarma da bayi? Sai bakinsa ya riga shi, ya ce, "Can inda na je."

Ranar aka haifi marigayin haihuwa ta biyu, kuma ya girma da sauri, tubarkalla. A shekarar farko Baba a gaɓa kawai ya tsaya ya ɗauki hoton. A ta biyu ya shiga kwalekwalen. A ta uku ya kamo kifi mai tsawon hannunsa, wanda kafin ƙarshen shekarar ya kai tsawon bencin shago, har ana matsawa don a ba shi wuri. A ta huɗu aka gano mai farin gidan, wani dattijo mai gemu har cibiya, wanda ya shekara goma sha ɗaya bai samu mai aski na kirki ba, ya riƙe ƙafar Baba yana roƙonsa ya zauna, zai ba shi ɗakin da ke da taga ta tsakiya. Shi kuma "ɗul" ɗin nan, Baba da kansa ya naɗo shi, ya tsuguna a bakin ruwa ya jefa tsakuwa sau bakwai kafin ya samu wanda ya yi masa. Sunan Bulaguro ma daga nan ya samo asali, kafin wannan Baba Mai Aski kawai ake ce masa.

Ana shaidar marigayin da haƙuri. Shekara shida yana jin abin da ake faɗa a kansa, bai taɓa musawa ba. Yatsu masu man gashi sun bi ta kansa dubu ba adadi. Ranar da wayar ta faɗi daga kan teburin madubi, gilashi ya tsage ta tsakiyar rufin farin gidan, bai ce uffan ba, Baba ma ya ce dama rufin yana yoyo tun lokacin da ya je. Yaron da ya ƙi zama a yi masa aski, da an miƙa masa Tafki an ce ya nemo kifin, sai ya yi tsit har a gama. Manya kuwa sau nawa aka karkata musu layin goshi ba su lura ba, saboda hankalinsu yana cikin kwalekwale. Maganar gaskiya, rabin kasuwar shagon nan marigayin ne ya riƙe ta, kuma bai taɓa neman lada ba.

Mutum ɗaya ce ba ta cika shiga labarin ba, wato mai ɗakin Baba, Inna, mace mai keken ɗinki da ƙarancin magana. Ita sau ɗaya take tambaya a shekara. Sai ta bari ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa, sannan ta ce Malam, wai yaushe za ka kai ni tafkin nan naka. Shi kuma kowace shekara da amsarsa. Wata shekara ruwa ya yi yawa, wata shekara gada ta karye, wata shekara dattijon ba shi da lafiya, bai kamata a je masa da baƙi ba. Inna takan ce to Allah ya sawwaƙe, ta koma kan kekenta.

Rashin lafiyar ajali ta faro ne a hankali, wata uku da suka wuce. Wani ɗan rubutu ya riƙa leƙowa daga saman tafkin yana cewa memori ya kusa cika. Baba ya ɗauke shi kamar tarin safe, ya riƙa ture shi da yatsa. Daga baya kamara ta ƙi ɗaukar hoto, bai damu ba, ya ce wanda ya ɗauki Tafki me kuma ya rage masa ya ɗauka. Ramin da ake sa katin ƙarin memori kuwa ya daɗe da mutuwa, tun ranar da Baba ya tsokale shi da bakin almakashi don ya ciro gashi.

Ciwon ya tsananta ranar Asabar. Babbar 'yarsa, wadda take aure a wani gari mai nisa, 'yar lelensa da ba ya haɗa ta da kowa, ta sauka lafiya, an samu namiji, jikan fari a gidan. Ta bugo waya murya a dushe ta ce ta turo bidiyon jaririn a wayar Baba, kuma ta yi alkawari babu wanda zai ga fuskar yaron nan kafin shi, ko da Inna ce. Sai ya gani ya kira ta, sannan ta tura wa sauran. Baba ya ji kansa ya yi girma har yana neman taɓa fanka. Ya goge hannu a tawul, ya buɗe waya, marigayin ya ce "ɗul", ya danna bidiyon. Wani ɗan zobe ya fara juyawa, ya juya, ya juya, ya kai kusan rabi, ya tsaya. Rubutu ya fito: babu wuri.

An yi wa marar lafiya duk abin da ake yi. Baba ya goge hotunan furannin barka da asuba guda ɗari shida da wani abu da surukinsa yake turowa kullum. Ya goge hotunan salon aski. Ya goge saƙonnin murya na ƙungiyar masu aski, inda mutum arba'in suka shekara biyu suna gardama a kan ranar hutu. Ya kashe wayar ya kunna, ya hura mata iska ta ramin caji, ya ɗora ta a taga ta sha iska. Zoben ya ɗan ƙara gaba, ya wuce rabi, ya sake tsayawa. Aka kira mai jego aka roƙe ta ta turo ko ɗan ƙaramin hoto ne, ko ta tura wa wani a gidan. Ta ce bidiyon nan dai shi zai fara gani, ba ta tura wa kowa, alkawari ta yi. Kowa a gidan ya san inda ta gado taurin kai.

Ranar Lahadi autarsa, wadda take aiki a kantin magani, ta karɓi wayar ta duba cikinta, ta ce ai ga abin da ya cinye wurin, hotunan ado da kwalliyar da suka zo da waya daga kamfani, jibgi guda, in an kwashe su bidiyo goma ma zai shiga. Ta ɗaga yatsa za ta danna. Baba ya fizge wayar da saurin da ba a san yana da shi ba, ya ce yaran zamani ba ku san darajar kaya ba, a bari sai gobe. Ya fita tsakar gida yana zufa. Shi kaɗai ya san cewa, a ganinsa dai, in an kwashe na kamfani, Tafki na cikin sahun gaba.

Gobe ta zo ta wuce. Inna ta daina yi masa magana, ta koma yi da kwanuka, duk wanda ta ajiye sai maƙwabta sun ji. Kwana uku kenan tana da jika a duniya ba ta san ko kamar wa yake ba. Baba ma ba daɗi yake ji ba, kada a zalunce shi. Yana son ganin yaron nan har cikin ƙashinsa. Sau da yawa yakan tsaya da injin aski a hannu ya kalli zoben da ya maƙale, ya kalli kwalekwalen da ke bayansa, ya rasa wanda zai ba haƙuri.

Ranar Talata da hantsi Inna ta yafa mayafi, ta wuce shagon mijinta ba ta ko kalle shi ba, ta tsallaka titi ta taho da mai gyaran waya. Wannan bawan Allah kuwa shi ne mutumin da Baba ya kwana uku yana kauce wa, saboda yana da wata ɗabi'a ta aiki. Tun ranar da wata mata ta zarge shi da goge mata hotunan biki, ya rantse ba zai sake taɓa komai a wayar mutum a ɓoye ba. Duk abin da ya gani sai ya karanta da ƙarfi, duk abin da zai danna sai ya sanar, a gaban shaidu, da muryar da ake ji har wurin masu walda.

A benci akwai tsohon hedimasta, da mai sayar da taya, da mai wanki da guga, da wasu mutum biyu masu jiran layi. A kan kujera akwai wani direba da aka aske masa gefe guda. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Mai gyara ya karɓi wayar, ya buɗe, marigayin ya ce "ɗul", kuma wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya.

Mai gyara ya shiga karantawa. Ya ce ga hotunan fuskar waya da suka zo daga kamfani, guda ashirin da huɗu, ga kwalliya kala shida, kowace da sautinta, dunƙule suke wuri ɗaya, tare ake cire su. Baba ya yi gyaran murya ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko hoton da ke fuskar wayar yanzu zai taɓu.

"Haba Baba, kwantar da hankalinka," in ji mai gyara. "Na kamfani kawai zan cire. Tafkinka ai kai ka ɗauka da hannunka, yana cikin hotunanka, ko gezau ba zai yi ba. In goge?"

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, Baba ya shekara talatin yana faɗa wa mutane haka, ranar ya ji a jikinsa. In ya ce kada a goge, sai an tambaye shi dalili. In ya ce a goge, wayar da kanta za ta ba da dalilin. Ya dubi benci, ya ga fuskokin da suka yi shekaru suna matsa wa kifinsa wuri. Ya dubi farin gidan da tagarsa ta tsakiya, inda bai taɓa kwana ba amma ya san ta inda rana take shigowa. Kunya ta kama shi tun kafin a yi komai. Sannan ya dubi Inna a bakin ƙofa, ya ga idonta ba a kansa yake ba, yana kan ɗan zoben nan da ya maƙale.

Ya ajiye injin aski a kan tebur, ya ce, "Goge."

Mai gyara ya sanar cewa zai danna, ya danna. Fuskar wayar ta ɗan yi duhu, ta dawo toka-toka, fayau, babu ruwa, babu dutse, babu kwalekwale. Ya rufe ya sake buɗewa, ba a ji "ɗul" ba. Ya leƙa cikin hotunan Baba, ya karanta da ƙarfi cewa akwai hoton rasit ɗaya da hoton ƙeyar wani mutum, babu tafki. Direban da ke kan kujera ya ƙura wa madubi ido kamar yau ya fara ganin kunnensa.

Tsohon hedimasta ne ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, "Wayoyin zamanin nan ba su da kunya. Ka ce a cire na kamfani, sai su haɗa da na mutane."

Mai taya ya ce wallahi haka suka yi wa wani ƙaninsa. Sauran suka gyaɗa kai, kowa da nasa tsakin. Mai gyara ya buɗe baki zai yi bayanin cewa hakan ba ya yiwuwa, mai wanki da guga ya ɗora ƙafarsa a kan tasa, ya danna da nauyin mutumin da ya saba danna dutsen guga. Bayanin bai fito ba.

Ana cikin haka zoben ya motsa, ya zagaye ya cika. Inna ta shigo har gaban madubi, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza a shagon, amma ta juya baya, ta ce alkawari alkawari ne, ya fara gani. Baba ya danna. Sai ga wata 'yar fuska jajir a cikin tawul, ido a rufe, hannu a dunƙule, ga suma baƙa ƙirin har goshi. Yaron ya buɗe baki ya tsala kuka, sai muryar mai jego ta biyo baya tana dariya: "Baba, ga takwaranka. Ka ga sumar? Aiki ya kawo maka, sai ka shirya ka taho."

Baba ya kalla sau uku kafin ya miƙa wa Inna. Ya ce hoda ce ta shiga masa ido, duk da ranar ba a buɗe gwangwanin hoda ba. Direban ya jira kusan awa guda, gefen kansa ɗaya a aske, bai yi ƙorafi ba.

Marigayin ya tafi tare da 'yan uwansa ashirin da uku, cikinsu har da wani fure mai ruwan hoda, da tulin yashi, da wasu ƙwallaye masu sheƙi da ba a taɓa sanin amfaninsu ba. Ya rasu ya bar kifi ɗaya, wanda a ƙidayar ƙarshe ya ɗara benci da kamu biyu. Ya bar dattijo mai gemu, wanda yanzu ba shi da gida. Ya bar kwalekwale, da karyayyiyar gada, da sunan Bulaguro, wanda mutanen layi suka zauna suka yanke cewa ba za a karɓe ba.

An so a samu matsala wajen shirin jana'iza, domin babu gawa. Da la'asar Baba yana zaune a tsakar gida ya yi tagumi, yana kallon hoton jikansa a fuskar wayar, inda Tafki ya saba zama, sai Inna ta jawo aljihun keken ɗinkinta, ta ɗauko wani ɗan kwali da ya sha hannu, ta juye maɓallai da zare a cinyarta, ta ajiye masa a gwiwa. Ta ce ga shi nan, in ya yi kewa. Kwalin da wayar ta zo a ciki ne. A kan murfinsa ga zanen wayar, a fuskar wayar kuma ga tafki shuɗi, ga duwatsu biyu, ga jan kwalekwale, ga farin gida da tagoginsa uku, rufinsa lafiya lau babu tsaga. Tun makon da ya dawo daga birni take zuba maɓallai a ciki, kullum sai ta buɗe shi ta rufe.

Baba ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya tambaye ta, to don me take tambayarsa kowace shekara yaushe zai kai ta.

Ta ce, "Sabon dalili nake son ji, Malam. Na shekarar da gada ta karye ya fi daɗi."

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa za a yi zaman karɓar gaisuwa a shagon aski daga gobe Alhamis har zuwa Asabar, daga buɗewa zuwa rufewa, kuma aski yana nan a farashinsa, makoki ba ya hana sana'a. An riga an sa marigayin a makwancinsa, wato aljihun keken ɗinki, an mayar masa da maɓallansa, ba za a buɗe shi ga masu ziyara ba. Mutum uku daga cikin na benci da suke da waya irin ta Baba, waɗanda aka gano sun canza hoton fuskar tasu tun shekara biyar da suka wuce ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba, ana yi musu godiya, ana kuma roƙonsu su ci gaba da barinta a aljihu. Mai gyaran waya zai iya zuwa gaisuwa, da sharaɗin zai zauna kusa da mai wanki da guga.

Ranar Lahadi shagon zai kasance a rufe, domin Baba zai yi tafiyarsa ta biyu, da almakashinsa a jaka, kuma wannan karon Inna ce a kujerar taga a mota. Masu zuwa gaisuwa kafin nan za a nuna musu magajin marigayin a fuskar waya. Jika ne na gaske, akwai shaidu. Sai dai tun jiya Baba ya fara cewa yaron ya gane muryarsa ta waya, har ya ɗaga kai ya nemi inda yake, yana ɗan kwana uku. Ana roƙon jama'a su matsa a benci su ba wannan ma wuri, kamar yadda suka ba kifi.